Muryoyi biyu a labarin yaƙi: me suke nunawa wanda murya ɗaya ba ta iyawa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni marubuciya ce daga Daura, ina sakin labaraina a WhatsApp da Wattpad. Kakana na wajen uwa tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa, kuma kafin rasuwarsa ya ba mu labarai da yawa. Ina so in rubuta littafi a kan yaƙin da masu ba da labari biyu: wani soja ɗan ƙasar Katsina, da wata malamar makaranta 'yar ƙabilar Ibo wadda ta girma a Funtuwa ta gudu gida a 1966. Babi ɗaya nasa, babi ɗaya nata. Ƙawayena sun ce zan rikita masu karatu, yayana kuma ya ce zan ba abokan gaban kakanmu baki su zage shi. Shin akwai abin da muryoyi biyu ke yi wanda ɗaya ba za ta yi ba? Kuma yaya zan nuna rashin yardar da ke tsakaninsu ba tare da na mayar da ɗayansu mugu ba?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan kakanku, ya kai haske kabarinsa. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai. Ina koyar da adabi a nan Katsina, ina kuma duba wa matasa rubutunsu kafin su fitar, kuma da wuya wani ya kawo mini abin da ya taɓo yaƙin nan, alhali tsofaffin da suka gan shi da idonsu suna ta ƙarewa a gabanmu.

In na fahimce ki, kina son sanin ko wahalar ɗaukar muryoyi biyu za ta biya, da kuma ko ba wa matar nan baki cin amanar kakanki ne. Maganar ƙawayenki mai sauƙi ce, zan bar ta sai ƙarshe. Ta yayanki ce mai nauyi, kada ki raina ta. Amma amsar tambayarki ta farko ita ce e, akwai. Muryoyi biyu suna sa mai karatu ya san abin da babu ɗaya daga cikin taurarin labarin da ya sani. Sojan ya san niyyarsa, bai san yadda aka ɗauke ta ba. Malamar ta san abin da take tsoro, ba ta san abin da ke ransa ba. Mai karatu ne kaɗai ke riƙe da duka biyun, yana kallo kowa na yi wa ɗan'uwansa mummunar fassara, ba shi da halin ya sa baki ya gyara. Wannan takaicin da zai riƙa ji shi ne ƙarfin littafinki, kuma duk shawarar da zan ba ki a ƙasa don ki kiyaye shi ne.

Abin da murya ɗaya ke rufewa

In mutum ɗaya ke ba da labarin yaƙi da bakinsa, mai karatu yana bayansa ne, inda ya duba nan yake dubawa. Abokin gaba sai ya zama fuska a tsallaken rafi, ko murya da ke magana da harshen da ba a ji. Ba ƙarya mai ba da labarin ya yi ba, iyakar abin da ya gani ke nan. Muna da misali a gida. Gandoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, yana cikin littattafan gasar 1933, kuma jarumin ne da kansa ke ba da labarin gwabzawarsa da Turawa lokacin da suka zo cin ƙasar nan. Duk abin da mai karatu ya sani game da Baturen, ta idon Gandoki ya san shi. Ki ɗauki rahotannin hafsoshin Gwamna Lugga, jagoran Turawan, na shekarun nan, za ki tarar da akasin haka: mu ne fuskokin da ke tsallaken rafi. Masanin tarihi sai ya jera takardun ɓangarorin biyu a kan tebur kafin ya ga inda suka saɓa. Marubuciyar ƙagaggen labari tana iya haɗa su a cikin bango ɗaya.

Kuma kada wani ya ce miki wannan dabarar baƙuwa ce a wurinmu. Bayan Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a wajajen 1807, zuriyar sarakunan da aka kora sun je sun kafu a Maraɗi, aka yi shekaru ana kai wa juna hari. Ki tambayi dattijo a ƙauyukan arewacin Katsina wane ne Ɗan Baskore, sarkin Maraɗi na zamanin hare-haren nan, ki tsallaka ta Jibiya ki yi wa dattijon Maraɗi tambayar nan, za ki dawo da mutum biyu masu suna ɗaya. Ke ma a Daura kin san yadda gidan sarautar ya watsu zuwa Zango da Ɓaure bayan jihadi, har Turawa suka dawo da sarautar hannun ɗan gidan, Malam Musa, a 1906. Shekaru ɗarin nan ba baki ɗaya ke ba da labarinsu ba. To waɗannan fa harshensu ɗaya, tuwonsu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya. Ina ga waɗanda harshe da addini da gaisuwa duk suka raba?

Kowa da ranar da labarinsa ya fara

Abu na farko da zan so ki yi shi ne ki bar kowannensu ya fara labari daga ranar da shi yake ganin an fara zaluntarsa. Wannan kaɗai zai nuna rabin rashin yardar kafin ma su haɗu.

Sojanki zai fara ne daga daren 15 ga Janairu 1966, daren da aka kashe Sardauna a Kaduna, aka ɗauke Tafawa Ɓalewa a Legas, aka kashe manyan hafsoshin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari. A wurinsa lissafin a fili yake: yawancin waɗanda suka shirya juyin mulkin Ibo ne, wanda ya hau mulki bayansa, Janar Ironsi, shi ma Ibo ne, ba a hukunta kowa ba, sannan a watan Mayu aka fito da dokar soja mai lamba 34 wadda ta rushe yankuna ta haɗe aikin gwamnati wuri ɗaya. A kunnen saurayin da ya taso a Katsina, ma'anar wannan ita ce an kashe iyayensa, yanzu kuma za a zo a karɓe ƙasarsa. Malamar kuwa Janairu a wurinta labari ne da ta ji a rediyo, ba ta da hannu a ciki, ba ta san ko ɗaya daga cikin hafsoshin ba. Labarinta ya fara ne a ƙarshen Mayu, da aka far wa mutanenta a garuruwan Arewa, ya kai maƙura a Satumba da Oktoba, lokacin da aka kashe dubbai, sauran suka cika jiragen ƙasa suka nufi Gabas. Tunda kin ce a Funtuwa ta girma, ki sa mahaifinta ya zama akawu a tashar jirgin ƙasa ko a kamfanin gurzar auduga, ki nuna mana maƙwabciyar da take aika musu da ƙosai kowace safiya, ki nuna mana ranar da ta bar gidan da tukunya a kan murhu. A wurinta lissafin shi ma a fili yake: mutanen da ta yi wasa da 'ya'yansu sun wayi gari suna neman ranta.

Duk su biyun gaskiya suke faɗa. Abin da ya raba su shi ne inda kowa ya sa mafarin zare, kuma kowa yana ganin abin da ɓangarensa ya yi ramuwa ce, abin da ɗayan ya yi kuwa tsokana. Manyan ma haka suka yi. A ranakun 4 da 5 ga Janairu 1967 shugabannin soja suka zauna a Aburi ta ƙasar Gana, har da shugaban ƙasa Gowon da gwamnan Gabas Ojukwu da namu Hassan Usman Katsina, wanda ke gwamnan Arewa a lokacin. An naɗi zaman, an rubuta abin da aka ce, amma Ojukwu ya koma Inugu da fahimtar cewa an yarda kowane yanki ya riƙe kusan dukkan ikonsa, ɓangaren Legas kuma ya ce ba abin da aka nufa ke nan ba. A ranar 27 ga Mayu Gowon ya raba ƙasar jihohi 12, ranar 30 Ojukwu ya shelanta ɓallewar Gabas da sunan Biyafara, ranar 6 ga Yuli aka fara harbi. In mutanen da suka yi makarantun soja iri ɗaya, suke magana da Turanci ɗaya, suka tashi daga tebur ɗaya da labari biyu, babu mai cewa kin ƙaga abin da ba ya yiwuwa in kurtu da malamar firamare suka kasa gane juna.

A nan ne nake raba wa ɗalibaina rashin fahimta da rashin yarda, domin ba abu ɗaya ba ne. Rashin fahimta shi ne ka ga alama ka karanta ta ba daidai ba, kuma wannan yana faruwa kullum a kasuwa. A zaman lafiya sai ka tambaya, a yi dariya, a wuce. Rashin yarda shi ne ya zama kana da dalilin da zai sa cikin fassara biyu ka zaɓi mafi muni, tambayar kanta kuma ta zama haɗari. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yaƙi yana ɗaukar ƙaramin rashin fahimta ya toshe duk hanyar da za a bi a warware shi.

Abu ɗaya, ido biyu

Bari in ƙaga miki fage guda, ba don ki ɗauka ba, don ki ga yadda abin ke aiki. A ce 1968 ce, Runduna ta Ɗaya ta sojan tarayya ta riga ta kama Inugu tun Oktoban 1967, sojanki yana gadi a wata makaranta da aka tara 'yan gudun hijira. A babinsa zai ce ya ga wata mata zaune a gindin bango da yaro a cinyarta, gashin yaron ya yi ja, ƙafafunsa sun kumbura, cikin ya fito, idanun sun yi zuru-zuru. Ya tuna ƙaninsa da tamowa ta ɗauke a shekarar fari. Yana da gwangwanin madara guda da ya ɓoye cikin jaka tun sati biyu. Ya huda shi da bakin wuƙarsa don ya sauƙaƙa mata, ya ajiye a gabanta, ya kau da kai ya yi gaba, domin a tarbiyyarsa ba a tsayawa a kalli wanda aka yi wa alheri, kuma ba a zura wa matar wani ido. Da ya zagayo, sai ya ga madarar a ƙasa, ƙudaje na bi. Zai ce ranar ce ya tabbatar mutanen nan sun fi son ɗansu ya mutu da su karɓi abu daga hannun ɗan Arewa, ƙazanta suke ganinmu.

Sai ki juya shafi. A babinta za ta ce wani soja ya daɗe yana zagaya su. Ya zo ya ajiye gwangwani a buɗe, an riga an huda shi, ya ƙi haɗa ido da ita, ya yi sauri ya tafi kamar wanda ya san abin da ya aikata. Ita kuwa tun kafin garinsu ya faɗi take jin ana cewa abincin da ya biyo ta hannun tarayya an sa masa guba. Wannan jita-jitar ta yaɗu da gaske a lokacin, shugabannin Biyafara ma sun kafa hujja da ita wajen ƙin yarda a shigo da agaji ta hanyar ƙasa, jiragen agaji suka riƙa sauka da dare a Uli, kan titin mota da aka mayar filin jirgi. Ta riƙe gwangwanin, yaron na miƙo hannu, tana jin ƙanshin madarar. Ta yi tunanin ta fara kurɓa ta gani, sai ta tuna in ita ta mutu babu mai ɗaukarsa. Ta zubar, tana kuka, ta danne hannun yaron kada ya dangwala.

Ki lura babu wanda ya zagi wani a fagen nan, babu wanda ya yi huɗuba a kan ƙabilanci. Abubuwa uku da ya yi saboda kirki, huda gwangwanin, kau da ido, da saurin tafiya, su ne shaidun da ta kafa a kansa. Abin da ta yi saboda tsananin son ɗanta shi ne shaidar da ya kafa a kan ƙabilarta gaba ɗaya. Kuma daga ranar kowannensu zai ɗauki wannan a matsayin abin da ya gani da idonsa, gani kuwa ya kori ji, ba mai iya canza masa ra'ayi. Mai karatu ne kaɗai ya san madarar lafiyarta lau.

Irin waɗannan wuraren za ki nema, inda al'adu biyu suka ba wa abu ɗaya ma'ana daban. Goro ma ya ishe ki babi. Bahaushe yana ciro goro daga aljihu ya ɓare da farce ya miƙa wa na kusa da shi, ko a ina ne, ko wane ne. A al'adar Ibo maigida ne ke gabatar wa baƙo goro, dattijo ya yi addu'a a kansa kafin a fasa, kuma akwai tsarin wanda ke da ikon fasawa. Sojan da ya shiga gidan tsoho ya ɓare goro ya miƙa masa rabi yana nufin a zauna lafiya. Tsohon yana iya ganin yaro da bindiga ya zo ya nuna masa wane ne maigida yanzu.

Sai dai kada ki maimaita kowane fage sau biyu. In kika yi haka labarin zai daina tafiya, mai karatu ya gane dabarar ya gaji da ita. Uku ko huɗu sun isa a duk littafin, a wuraren da suka fi zafi. A sauran, ki bar ɗaya ya ɗauki zaren daga inda ɗayan ya ajiye, wani lokaci ma abin da ya cika babinsa gaba ɗaya ita ta wuce shi da jimla guda, domin a wurinta ba komai ba ne. Wannan ma yana faɗin wani abu.

Kyautar da Funtuwa ta ba ki

Ban sani ba ko kin lura da abin da kika riƙe. Matar da ta girma a Funtuwa tana jin Hausa kamar ke. Wannan ya warware miki matsalar da ke kayar da marubuta da yawa, wato da wane baki baƙon zai yi wa mai karatun Hausa magana. Ita Hausarta ta yarinta ce, ta kasuwa da tsakar gida, kuma harshen da take ƙauna ne ya zama harshen waɗanda take gudu. Ki sa ta ɓoye cewa tana ji. Sojoji za su riƙa magana a gabanta ba tare da taka-tsantsan ba, ta ji zagi, ta ji barazanar da wasa ce a bakinsu amma ba wasa ba ce a kunnenta, ta kuma ji sojanki yana ba abokinsa labarin mahaifiyarsa, abin da ba ta so ta ji domin yana rushe mata hoton da ta yi masa. Ranar da Hausa ta suɓuce mata, watakila yaron ya faɗi ta yi salati ko ta yi kuwwa da harshen yarintarta, ita za ta ga asirinta ya tonu, shi kuma zai ga ashe 'yar leƙen asiri ce aka dasa. Abin da ya kamata ya kusanta su shi zai ƙara nesanta su.

Muryoyin kuwa dole su bambanta har mai karatu ya gane mai magana ko an rufe kan babin. Ba da gurɓata mata Hausa za ki yi haka ba, wannan raini ne. Da abin da kowa ke lura da shi za ki yi. Shi ɗan manomi ne daga ƙasar da ake hango mutum daga nesa, zai riƙa maganar duhun kurmi, ruwan da ba ya ɗaukewa, takalmin da ba ya bushewa, yadda ya kasa gane gabas in zai yi salla. Ita malama ce, tana ƙirga yara, tana lura da ranaku, tana auna gishirin da ya rage. Shi yana kewaye abin da ya yi masa ciwo saboda kunya da kara, ita tana faɗinsa kai tsaye, ko akasin haka in kin ga dama, muddin kin tsaya a kan abin da kika zaɓa.

Maganar yayanki

Akwai aikin da nakan ba ɗalibai: su rubuta rigima ɗaya daga bakin mutum biyu. Abin da na fi gani shi ne murya ta biyu tana fitowa tana ba da haƙuri. Manomi ya yi magana da ƙarfinsa, makiyayi ya zo yana cewa lallai mu ma muna da laifi. Wannan ba muryoyi biyu ba ne, marubuci ne ya sa rigar abokin gaba yana gaskata kansa. In malamarki za ta ƙare da cewa ashe sojojin tarayya mutanen kirki ne, Ojukwu ne ya yaudare mu, to gara ki bar ta ki rubuta littafin da murya ɗaya. Dole ta yi fushi, dole ta faɗi abin da zai sosa ran mai karatu a Daura, kuma ta faɗe shi da hujja mai ƙarfi. Yawan muryoyi ma ba shi ne tsallaka iyaka ba. Half of a Yellow Sun na Chimamanda Adichie, wanda ya fito a 2006, yana bin mutum uku ne, amma dukkansu a cikin Biyafara suke. Abin da kike shirin yi, na sa murya ɗaya a kowane gefen fagen daga, ya fi wuya, kuma ni a ganina shi muka fi buƙata.

To shin hakan zagin kakanku ne? Ni ban ga haka ba, amma na gane abin da yayanki ke ji. Rundunar tarayya ta tashi daga mutum wajen dubu 10 zuwa kusan dubu 250 a ƙarshen yaƙin. Yawancinsu samari ne da aka ɗebo daga gona da kasuwa, aka ba su horon 'yan makonni, aka ce su je su hana ƙasa rabewa, kuma da yawa ba su dawo ba. Wanda ya yi wannan da zuciya ɗaya ya cancanci a rubuta shi da mutunci. Amma a yaƙin nan ne aka yi kisan Asaba a Oktoban 1967, inda sojojin tarayya suka harbe ɗaruruwan maza farar hula, kuma a cikinsa ne yunwa ta kashe yara ba adadi, har ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan 2 ko fiye. Littafin da ya ɓoye wannan don ya kare soja, mai karatun da ya san tarihi ba zai yarda da kirkin sojan ba ma. Mutuncin sojanki zai fi tabbata in ya tsaya a littafin da matar ta faɗi duk abin da ke bakinta, mai karatu ya ji, kuma duk da haka ya kasa tsanarsa.

Ki kuma kiyayi ɗaya tarkon, na raba laifi daidai wa daida kamar ana rabon gado. Ba wa kowa baki ba ya nufin kowane aiki daidai yake da ɗan'uwansa. Inda aka kashe wanda bai ɗauki makami ba, ko a Sabon Gari ne ko a Asaba, ki bar abin ya tsaya da muninsa, kada ki yi sauri ki kawo wani laifin daga ɗaya gefen don ki daidaita ma'auni. Shawarata ga iyali kuwa, kada sojan ya zama kakanku. Ki canza suna, gari, runduna da siffa. Ki ɗauki abin da ya ba ku na ƙanshi da sauti da tsoro, ki bar masa sirrinsa. In kika gaya wa yayanki haka, ina jin zai sauko.

Zan roƙe ki abu ɗaya: kada ki rufe littafin da aurensu. Na san masu karatu za su matsa miki. An yi irin auren a lokacin, wasu da yarda, wasu ba da yarda ba, amma in kika ɗaura shi a babin ƙarshe kin share duk abin da kika gina. Yaƙin ya ƙare ranar 15 ga Janairu 1970, Gowon ya ce babu wanda ya ci babu wanda aka ci, amma wanda ya ajiye kuɗi a banki a Biyafara fam 20 aka ba shi komai yawan ajiyarsa. Mutanenki suna iya rabuwa kowa na riƙe da rabin gaskiyarsa, watakila da ɗan kokwanton da bai zo da shi ba.

Inda dabarar ta tsaya, inda ni ma na tsaya

Muryoyi biyu suna iya sa mai karatu ya zaci ɓangarori biyu ne kawai. Ba haka ba ne. Da yawa daga cikin sojojin da mutanen Gabas ke kira Hausawa Tibi ne, Angas ne, Kiristoci ne, Gowon kansa haka yake. A cikin yankin Biyafara kuma akwai Ifik da Ibibiyo da Ijo waɗanda da yawansu ba su so ɓallewar ba. Ki sa irin waɗannan a gefen taurarinki. Dabarar tana kuma iya sa a zaci duk yaƙin rashin fahimta ne, da an zauna an yi hira da shi ke nan. Akwai man fetur a ciki, akwai mulki, akwai makaman Ingila da Tarayyar Sobiyet a gefe guda, da taimakon Faransa a ɗaya gefen. Mutum biyu a harabar makaranta ba su suka haddasa wannan ba, kuma fahimtar junansu ba za ta tsayar da shi ba.

Ni kuma Bakatsine ne, ba na jin Ibo, hukuncina a kan muryar malamar hukuncin mai karatun Hausa ne. Zan iya gaya miki ko babinta ya yi daɗi, amma wanda zai gaya miki ko mace irinta za ta yi tunani haka sai nata. A Daura da Katsina akwai Ibo da suka shekara talatin ko arba'in a cikinmu, masu shagunan magani da kayan gyaran mota, Hausa a bakinsu kamar ruwa. Ki nemi dattijuwa a cikinsu, ki je da girmamawa, ki karanta mata babi biyu, ki saurari inda ta girgiza kai. In ta ƙi maganar yaƙin, ki ƙyale ta, ki nemi wata.

Saura maganar ƙawayenki. Masu karatunmu suna bin littafi mai mata huɗu da 'ya'ya goma sha biyu ba su rikice ba, mutum biyu ba za su gagare su ba. Ki sa sunan mai magana da wuri da shekara a kan kowane babi, ki riƙe tsarin karɓa-karɓar a babi shida na farko har kunne ya saba, daga nan kina iya ba ɗaya babi biyu a jere in labarin ya nema. Abin da za ki kula da shi shi ne yadda kike saki. Mai littafi a hannu yana juya shafi nan take, amma 'yar guruf ɗin WhatsApp tana karanta babi ɗaya ne ta kwana da shi, ta yi sharhi, ta tura wa wasu. In kika saki babin da sojan ya ga madara a ƙasa ranar Litinin, kika bar nata sai Alhamis, kwana uku za a yi ana tsine wa matar da ƙabilarta a ƙarƙashin rubutunki, wasu kuma ba za su dawo su karanta na biyun ba. Duk fagen da kika rubuta sau biyu, ki haɗa ɓangarorin ki sake su rana ɗaya, a saƙo ɗaya.